Tsakanin Makirci da Ɗaure Kai: Tarihin Kalmar *Intrigue* da Matsalar Fassara ta zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da rahotannin da jami'an mulkin mallaka na Ingila suka rubuta a kan Arewacin Nijeriya, tun daga 1900 har zuwa 1960, ba zai rasa cin karo da kalmar *intrigue* ba. Da ita ake bayyana abin da ke gudana a fada, da ita ake kafa hujjar tuɓe sarki ko korar bafade, da ita kuma ake zargin tafinta idan al'amari ya ɓaci. A Ingilishin yau kuwa, fuska biyu gare ta. Ta ɗaya ita ce shirya wani abu a ɓoye domin cutar da wani ko kawar da shi daga matsayinsa. Ta biyu ita ce jan hankalin mutum har ya matsu ya san ƙarshen abu. Mai fassara da bai lura ba yana iya mai da yabo zargi, domin littafin da Bature ya kira *intriguing* littafi ne mai ɗaukar hankali, babu ruwansa da makirci.

Wannan matsala ta shafi ɗalibin tarihi da ke zaune a Gwagwalada, garin da Jami'ar Abuja ta fara koyarwa a cikinsa a 1990, fiye da yadda za a zata. Ƙasar da yake takawa tana cikin yankin da aka yi rikicin 1902, kuma mafi yawan abin da zai karanta a kan wannan rikici da Ingilishi aka rubuta shi, alhali da Hausa ake tattauna shi a kasuwa da zaure, tsakanin Gbagyi da Bassa da Koro da Gade da Hausawa da Fulani. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun kalmar tun daga tushenta, da jera kalmomin Hausa da ke iya tsayawa a madadinta, sannan a gwada su a kan wasu aukuwa na tarihi. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, duk kalmar da mai fassara ya zaɓa hukunci ce ya yanke a kan mutanen da ake magana a kansu, don haka wajibi ne ya san irin hukuncin da yake yankewa.

2.0 Asalin Kalmar da Yaɗuwar Ma'anarta

Tushen kalmar yana cikin harshen Latin, inda aikatau *intricare* ke nufin sarƙe abu ko cukurkuɗa shi, kamar yadda zare ke sarƙewa. Shi kuma an gina shi ne a kan *tricae*, wato ƙananan matsaloli masu harɗe ƙafa. Daga nan ta shiga Italiyanci, ta wuce Faransanci, kafin Ingilishi ya are ta a ƙarni na 17. A wancan ƙarni ta ɗauki ma'anoni uku da ke da dangantaka da juna. Akwai shirin ɓoye na siyasa, musamman a fadojin sarakunan Turai. Akwai hulɗar ɓoye tsakanin namiji da mace. Akwai kuma sarƙaƙiyar labari a wasan kwaikwayo, wato yadda marubuci ke ƙulla al'amura kafin ya warware su. Wannan ma'ana ta uku ta fi ƙarfi a Faransanci, har yau kuwa ɗalibin adabi a Maraɗi ko Damagaram idan ya ji *l'intrigue* a aji, zaren labari yake fahimta.

Ma'anar jan hankali ita ce autar ma'anonin, domin sai a ƙarshen ƙarni na 19 ta zauna a Ingilishi, ita ma daga Faransanci. Ba a karɓe ta nan take ba. H. W. Fowler, a ƙamusunsa na ƙa'idojin amfani da Ingilishi wanda ya fito a 1926, ya soke ta, yana ganin kwaikwayon Faransawa ne kawai wanda Ingilishi ba ya bukata. Sukar ba ta hana ta yaɗuwa ba, har ta kai ga a yau siffar *intriguing* kusan ba ta da wata ma'ana sai ta ɗaukar hankali.

Wannan jerin lokaci yana da muhimmanci ga mai nazarin tarihi. Jami'an da suka ci Arewa da yaƙi tsakanin 1900 da 1906 sun tashi ne da tsohuwar ma'anar. Saboda haka idan aka ga an siffanta wani waziri ko wani hakimi da *intriguing* a rahoton wancan zamani, ana nufin mai ƙulle-ƙulle ne. Mai karatun yau da ya saba da sabuwar ma'anar zai iya ɗauka cewa an ce mutumin yana da ban sha'awa. Kalma ɗaya ce, amma shekarar da aka rubuta ta ita ke nuna inda ta dosa.

3.0 Kalmomin Hausa da ke Ɗauke da Ma'anonin

Tun daga ƙamusun Schön na 1876, zuwa na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da na Roxana Ma Newman na 1990, har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, an yi ta tattara kalmomin Hausa ana daidaita su da na Ingilishi ko ana bayyana su. Sai dai aikin ƙamus shi ne jera kalmomi. Mai amfani da harshe shi ke sanin wadda ta dace da wane muhalli. Hausa ba ta da kalma guda da ta haɗa fuskokin *intrigue* biyu, amma a kowace fuska tana da kalmomi da yawa, kowace da iyakarta.

3.1 Fuskar Shirin Ɓoye

Ana iya kasa kalmomin wannan fuska gida uku bisa ga asalinsu da hoton da suke ɗauke da shi.

Rukuni na farko na aro ne daga Larabci, ta hanyar karatun addini. A ciki akwai *makirci* da *kaidi* da *dasisa* da *annamimanci* da *munafunci*. Tushen *makirci* da na *kaidi* duk sun zo a Alƙur'ani mai girma, na biyun ya maimaitu a Suratu Yusuf, shi ya sa waɗannan kalmomi ke ɗauke da nauyin shari'a da na tarbiyya. Wanda aka kira makiri an riga an yanke masa hukunci a idon jama'a, ba a kuma bar masa ƙofar uzuri ba.

Rukuni na biyu ya ginu ne a kan hoton zare da igiya. A dubi waɗannan misalai:

(1) Fadawa sun *ƙulla* wa Galadima tuggu.
(2) Tun da dare suka *kitsa* maganar.
(3) An haɗa masa *gadar zare*.
(4) Abokan tafiyarsa suna *saƙa* masa da mugun zare.

A nan za a ga wani abin lura. Hoton sarƙewar zare da ya haifi kalmar a Latin shi ne dai Bahaushe ya ɗauko daga masaƙa da wurin kitso, ba tare da ɗayansu ya ari na ɗaya ba. *Ƙulle-ƙulle* ita ce kalmar wannan rukuni da ta fi kusa da tsohuwar ma'anar *intrigue*, domin tana nuna yawan shiri da maimaituwarsa, ba ta kuma fayyace ko an kai ga nasara ba.

Rukuni na uku yana nuna aikin da ake yi ta ƙasa, inda ido ba ya gani. *Maƙarƙashiya* daga *ƙarƙashi* take, *zagon ƙasa* kuwa daga zago, wato ƙwaron nan dangin gara mai cin gini ta ciki har ya rushe. Waɗannan biyu su suka fi yawa a bakin 'yan jarida da gidajen rediyo idan ana maganar siyasar zamani ko yunƙurin juyin mulki.

Ban da waɗannan, akwai kalmomin da muhalli ke rarrabewa. *Kissa* da *kisisina* an fi danganta su da zaman gida da kishi, kuma *kissa* ba kullum take abin zargi ba, tunda akan yaba wa macen da ta iya ta. *Kutungwila* haɗa mutane faɗa ce ta hanyar dabara. *Sara* kuwa ta fada ce, wato kai sukar wani wurin mai iko a bayan idonsa, kamar a ce, “An sare shi wurin sarki.”

Akwai kuma wasu kalmomi da ba na zargi ba, waɗanda suke bayyana irin wannan aiki na neman biyan bukata ta bayan fage. Su ne *dabara* da *shawara* da *siyasa* da *neman sarauta*, da kuma *kamun ƙafa*. Ɗan sarkin da ya aika da gaisuwa ga masu zaɓen sarki, ya nemi wani babba ya yi masa magana, kamun ƙafa ya yi, kuma al'ada ta yarda da shi. Wannan rukuni shi ne mabuɗin abin da za a tattauna a sashe na 4.0.

3.2 Fuskar Jan Hankali

A wannan fuska Hausa na da *ɗaukar hankali* da *jan hankali* da *ban sha'awa* da *ban mamaki*. Amma wadda ta fi dacewa ita ce *ɗaure kai*, kamar a misali na (5):

(5) Al'amarin ya *ɗaure* wa alƙali kai, ya ce sai ya ji ƙarshensa.

Dalili kuwa shi ne, abin da ya ɗaure kai ya haɗa mamaki da rashin ganewa da kuma matsuwar a warware, kuma ga hoton igiya ya sake dawowa. Ta ɓangaren mai son sanin kuwa, Hausa ta bambanta na yabo da na zargi. *Son sani* da *bin diddigi* halayen ɗalibi ne da malami. *Bin ƙwaƙƙwafi* yana tsakiya. *Shisshigi* da *katsalandan* da *sa ido* kuwa ba wanda ke son a jingina masa su. Ke nan ko a nan ma, mai fassara ba ya tsira daga zaɓi.

4.0 Kalmar a Rubuce-rubucen Mulkin Mallaka

4.1 Zuba, Abuja da Keffi

Garin Zuba, wanda a yau yake cikin ƙaramar hukumar Gwagwalada, shi ne inda Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya sauka bayan masu jihadi sun fitar da shi daga Zariya a farkon ƙarni na 19. Bayan rasuwarsa a 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828, garin da aka sake wa suna Suleja bayan an ɗauki sunansa an ba sabon babban birnin tarayya da aka ƙirƙiro a 1976. Wannan masarauta ta riƙe 'yancinta daga Zariya da Sakkwato har zuwa 1902, shekarar da sojojin Ingila suka shige ta bisa zargin tare hanyoyin fatake. A wannan shekara mulkin Sarki Ibrahim Iyalai ya ƙare, aka naɗa Muhammadu Gani.

Gabas da nan akwai Keffi, wadda ke biyayya ga Zariya. Mai ƙarfin faɗa a ji a garin shi ne Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau, wanda ikonsa ya rinjayi na Sarkin Keffi kansa. A farkon watan Oktoba na 1902, Razdan na lardin Nasarawa, Kyaftin Moloney, ya nemi Magaji ya fito su gana a ƙofar fada. Saƙonnin da ke kai da komo tsakaninsu suna bi ne ta hannun ma'aikacin Turawa mai suna Audu Timtim. Ƙarshen zaman shi ne Magaji ya fito a kan doki, aka kashe Moloney, shi kuma ya nufi Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya sanya wannan karɓa cikin hujjojinsa na yaƙar Kano. Birnin ya faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ta bi baya ran 15 ga Maris, Magaji kuma ya rasu a Burmi tare da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ran 27 ga Yuli na wannan shekara.

D. J. M. Muffett, wanda ya tattara bayanan dattawa ya buga su a 1964, ya nuna cewa ruwayoyin baka sun ɗora alhaki mai yawa a kan Audu Timtim, cewa ya riƙa karkatar da saƙo yana tsorata kowane ɓangare da ɗayan. To, da wace kalma za a kira abin da ya yi? Idan aka ce *annamimanci*, an mai da shi mai kai gulma. Idan aka ce *kutungwila*, an nuna cewa da gangan ya haɗa faɗan. Idan aka ce *cin amana*, an tabbatar cewa akwai amanar da ke wuyansa, sai kuma a tambaya, amanar wa, ta Bature ko ta mutanen garin? Ingilishi na iya rufe duk waɗannan da kalma guda ya wuce. Hausa ba ta yarda da haka ba; sai mai magana ya tsaya a wuri ɗaya.

Shi kansa Magaji haka abin yake. A idon Turawa, hulɗarsa da Zariya da Kano shirin ɓoye ne a kan hukuma. A idon tsarin da ya naɗa shi, biyayya ce ga ubangidansa, gudunsa zuwa Kano kuma neman mafaka ne wurin sarkin Musulmi ɗan'uwan nasa sarki. Wanda ya fassara wannan da *makirci* ya karɓi ra'ayin cewa tun a 1902 Turawa ne halattacciyar hukuma a Keffi, alhali wannan shi ne ainihin abin da ake jayayya a kansa.

Akwai kuma ɗaya gefen. Masana tarihi sun nuna cewa Lugard bai sanar da Ofishin Mulkin Mallaka da ke Landan cikakken shirinsa na yaƙar Kano da wuri ba, har sai da labarin ya fara fitowa a jaridun Ingila a ƙarshen 1902. Haka nan wasiƙar da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa ta shelar gaba, fassararta ta Ingilishi ce ta yaɗu, Muffett kuma ya yi shakkar ingancinta. Da wani sarki ne ya ɓoye wa na gaba da shi shirin yaƙi, da ba a rasa kiran abin *intrigue* ba. Da yake mai riƙe da alƙalami ne ya yi, sai aka kira shi manufa da hangen nesa.

4.2 Fadojin Katsina, Kano da Zazzau

Bayan cin ƙasa, kalmar ta koma makamin gudanar da mulki. A Katsina an tuɓe sarakuna biyu a jere cikin 'yan shekaru, wato Abubakar da Yero, dukkansu daga gidan Dallazawa, bisa zargin rashin ba da haɗin kai. A 1906 H. R. Palmer ya tsaya aka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko na Sulluɓawa, wanda ya yi sarauta har 1944. Abin da ya gudana a fada cikin waɗannan shekaru, wanda ya rasa gadon gidansu da wanda ya samu ba za su kira shi da suna ɗaya ba. Na farko zai ce tuggu da sara, na biyu zai ce basira da sanin inda zamani ya dosa. Rahoton Razdan kuwa yakan ajiye kalmar zargi ga ɓangaren da bai yi masa daɗi ba.

A Kano, waɗanda aka fi jifa da kalmar su ne manyan bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama, da kuma jakadun da ke tsakanin hakimai da ƙasashensu. Aikin waɗannan mutane tun asali shi ne shiga tsakani: su kai magana, su kawo labari, su nema wa wani alfarma. Tsarin sarauta ne ya ɗora musu wannan aiki, kowa kuma ya san da shi. Jami'in da ke son umarninsa ya tafi kai tsaye ba zai ga komai a ciki ba sai shinge. Abin mamaki shi ne, a 1908 Razdan Cargill da kansa ya ɗaga Ɗanrimi Allah Bar Sarki zuwa muƙamin Waziri domin ya rage ƙarfin Sarki Abbas, aka kuma warware naɗin a 1909 bayan an sauya Razdan. Da bafade ne ya shirya irin wannan, da sunansa zagon ƙasa.

A Zazzau kuwa, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa na 1960 wanda ya kwatanta tsarin Zariya da na Abuja, sarauta tana yawo ne tsakanin gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. A irin wannan tsari, gasa tsakanin gidaje da neman magoya baya da kamun ƙafa wurin Sakkwato su ne hanyar da mulki ke sauya hannu ba tare da yaƙi ba. Kiran wannan duka *intrigue* daidai yake da kiran yaƙin neman zaɓe makirci.

Wannan bayani ba ya nufin cewa fadojin ƙasar Hausa sun tsarkaka daga makirci. Sara da tuggu sun halaka mutane da yawa, yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa kuma shaida ne a kan inda rikicin gadon sarauta ke iya kaiwa. Yawan kalmomin da aka jera a 3.1 ma ya isa hujja cewa Bahaushe ya san abin sarai, har ya rarrabe nau'o'insa. Abin da ake cewa shi ne, kalmar Ingilishi ta tattara halal da haram na siyasar fada ta zuba su a ƙwarya ɗaya, Hausa kuwa ta ware su.

5.0 Inda Fuskokin Biyu Suka Haɗu

Ko da yake Hausa ba ta haɗa ma'anonin biyu a kalma guda ba, adabinta ya nuna dangantakarsu. A littafi na farko na *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuma ya ƙulla yadda za a fitar da yaron daga fada a halaka shi. Abin da ya tsare Musa shi ne aku, wanda ke ɗauko labari duk lokacin da yaron ya yi shirin fita, ya riƙe shi da son jin ƙarshe har gari ya waye. Waziri yana ƙulli, aku ma yana ƙulli. Na farko da mutane yake yin nasa, na biyu da zaren labari.

Daga nan za a fahimci abin da ya sa kalma ɗaya ta iya ɗaukar ma'anonin biyu a Turai. A kowannensu akwai abin da aka ɓoye, akwai wanda ya sani da wanda bai sani ba. Idan aka dubi al'amarin ta wurin mai ɓoyewa, sai a ga makirci. Idan aka dube shi ta wurin wanda ya hangi alamar ɓoyon yana son ya gano, sai a ga ɗaure kai. Wannan ya dace da halin jami'in mulkin mallaka kansa, wanda ke zaune a bariki bayan gari, ba ya jin abin da ake faɗa a soron ciki sai ta bakin tafinta. Abin da ya ɗaure masa kai, sau da yawa shi yake rubutawa a matsayin makirci.

6.0 Abin da ya Rataya a Wuyan Mai Fassara

Tun daga kafa Hukumar Fassara a ƙarshen shekarun 1920, da fitowar *Gaskiya Ta Fi Kwabo* a 1939, da buɗe sashen Hausa na BBC a 1957, fassara daga Ingilishi ta zama babbar hanyar da labarin duniya da na gida ke isa ga mai jin Hausa. Bisa ga abin da ya gabata, ana iya ba da shawarwari huɗu ga wanda ya ci karo da wannan kalma.

Na farko, ya duba shekarar rubutun da ajin kalmar. Suna a rubutun farkon ƙarni na 20 kusan kullum shirin ɓoye yake nufi; siffa ko aikatau a rubutun yau sun fi karkata ga ɗaukar hankali.

Na biyu, ya tambayi wane ne ya rubuta, a kan wa, kuma me ya biyo bayan rubutun. Idan tuɓe sarki ne ya biyo baya, to kalmar tuhuma ce, ba bayani ba.

Na uku, idan yana fassara maganar jami'in ne kai tsaye, ya riƙe amanar zafinta, ya sa *makirci* ko *ƙulle-ƙulle*, domin abin da mai maganar ya nufa ke nan. Amma idan yana ba da labarin da bakinsa ne a matsayin mai tarihi, ya jingina zargin ga mai shi, ya ce “abin da Razdan ya kira makirci”, sannan ya faɗi abin da aka aikata a zahiri.

Na huɗu, kada ya manta da rukunin kalmomin da ba na zargi ba. Sau da yawa *kamun ƙafa* ko *neman sarauta* ko *shawara* su ne suka fi kusa da abin da ya auku.

7.0 Kammalawa

An ga yadda kalmar *intrigue* ta taso daga hoton sarƙewar zare a Latin, ta bi ta Italiyanci da Faransanci ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17 da ma'anar shirin ɓoye, sannan ta sami ma'anar jan hankali a ƙarshen ƙarni na 19. An ga kuma cewa Hausa ta raba wannan fage tsakanin kalmomin aro masu nauyin addini, da na zare da saƙa, da na aikin ƙarƙashin ƙasa, da kuma waɗanda al'ada ta halatta. Rikicin Keffi na 1902 da sauye-sauyen sarauta a Katsina da Kano da Zazzau sun nuna cewa jami'an mulkin mallaka sun yi amfani da kalmar a matsayin tuhuma, suka keɓe ta ga waɗanda suke mulka. Takardunsu suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, kuma za a ci gaba da juya su zuwa Hausa domin ɗalibai da masu sauraron rediyo, ciki har da jikokin mutanen Zuba da Keffi da tsohuwar Abuja. Idan aka fassara kowace *intrigue* da *makirci* ba tare da bincike ba, to an sa Hausa ta tabbatar da tuhumar da ba a taɓa ba waɗanda ake tuhuma damar amsawa ba.